Kwalin da Ba Ya Tsallake Iyaka

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora, ko da bai taɓa sauka ba. Nan ne mota take rage gudu, masu rake da gasasshiyar masara su yo caa a kan taga, 'yan kamasho suna ta kiran Tudun Wada, Doguwa, Saminaka, Jos. Hanya ta rabu biyu, ɗaya ta miƙe Zariya da Kaduna, ɗaya ta karkata ta ratsa dajin Falgore. Mai wucewa ba ya ganin komai sai kasuwa da hayaniya. Amma wanda ya sauka ya sami benci wajen mai shayi, ya ɗaga kai ya duba da kyau, zai gane cewa a tsakiyar aikin injiniyoyi yake zaune. Tagwayen kwaltar da ke gabansa wani yanki ne na hanyar Abuja zuwa Kano mai tsawon kilomita 375, wadda aka ba kamfanin Julius Berger kwangilar sake ginawa a ƙarshen 2017. Manyan wayoyin da suka ratsa samaniya suna sauka ne a tashar rarraba lantarki ta garin. Tsakanin Kaduna da Kano ana shimfiɗa sabon layin dogo da kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya fara a 2021, ga kuma bututun iskar gas da ya taso daga Ajaokuta. Can cikin ƙasar Bebeji kuma, uwa uba, ga madatsar ruwa ta Tiga.

Masu farar hular kwano da suka yi ta kai da kawowa a waɗannan ayyuka, daga cikinsu akwai 'yan ƙasa, akwai baƙi daga nesa. Baƙon ya zo da takardar da jami'ar garinsu ta ba shi, ta kuma yi masa aiki a nan. Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta juyin waina: in ɗan Kiru ko ɗan Doguwa ya ɗauki nasa kwalin ya nufi ƙasar baƙon, ina kwalin yake tsayawa?

Ban shiga wannan magana don sha'awa ba, gida ta same ni. Ɗan wana ya yi shekara biyar yana karatun injiniyan gine-gine a wata jami'a ta nan Arewa, yajin aikin malamai ya ƙara masa kusan biyu a kai. Mahaifinsa manomin shinkafa ne a ƙasar Tudun Wada, kuma kowace shekara akwai buhunan shanshera da aka san ba na ci ba ne, na rajistar makaranta ne. Yaron ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya yi aiki da 'yan kwangila nan da can. Da ya so ya gwada sa'arsa a Ostareliya sai ya tarar da layi biyu. Layin farko na waɗanda digirinsu ya fito daga ƙasashen da ke cikin wata yarjejeniya ne: su miƙa takardunsu, a duba sunan kwas ɗinsu a cikin jerin waɗanda aka tantance, shi ke nan. Layi na biyu na sauran jama'a ne, waɗanda sai sun zauna sun rubuta dogon rahoto, sun kawo labarin ayyuka uku da suka yi da hannunsu, sun nuna sakin layi bayan sakin layi inda suka yi amfani da ilmin injiniya, sannan a yi hukunci ko karatunsu ya kai. Ya kira ni da dare, murya a sanyaye: "Baffa, wai ɗan Pakistan yana layin farko, ni ina na biyu." Ni ma a ranar na fara jin sunan abin.

Yarjejeniyar Washinton

A 1989 ne hukumomin tantance karatun injiniya na ƙasashe shida, wato Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, Ailan da Niyuzilan, suka sa hannu a kan wata yarjejeniya da ta ɗauki sunan birnin Washinton. Ba gwamnatoci ne suka ƙulla ta ba, kuma ba jami'o'i ba ne membobinta. Masu tantancewa ne suka amince wa juna. Ma'anarta a taƙaice: in hukumar ƙasarku ta duba wani kwas na injiniya ta ce ya cika sharaɗi, mu ma mun karɓa, kamar mu muka duba. Kamar dai dillalan hatsi biyu ne, ɗaya a Dawanau ɗaya a Maraɗi, suka gwada tiyarsu suka ga bakinsu ɗaya, daga nan in wannan ya aiko ya ce kaza ne a buhu, wancan ba sai ya zazzage ya sake awo ba.

Daga baya ƙofa ta buɗe. Afirka ta Kudu ta shiga a 1999, ita ce ta farko a wannan nahiya. Japan ta biyo a 2005, Maleshiya a 2009, Turkiyya a 2011, Indiya a 2014, Sin a 2016, Pakistan a 2017. An kuma haifi ƙanne biyu: yarjejeniyar Sidni ta 2001 domin masu fasahar injiniya, irin waɗanda a nan za mu kwatanta da masu babbar difloma, da yarjejeniyar Dabilin ta 2002 domin ƙwararrun masu aikin hannu na matakin ƙasa da wannan. Dukkansu suna ƙarƙashin inuwa ɗaya ta ƙawancen injiniyoyi na duniya.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ba ya cikin wannan da'ira ba injiniya ba ne. Jamus ba ta ciki, Faransa ma haka, kuma ba wanda zai raina gadar da Bajamushe ya gina. Turawan nahiyar Turai suna da nasu tsarin. Sai dai ƙasashen da yaranmu suka fi dosa, saboda harshen da suka yi karatu da shi, kusan duk suna ciki.

A Najeriya, hukumar da doka ta ɗora wa kula da sana'ar ita ce COREN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 55 ta 1970, aka yi wa dokar gyara a 1992, aka sake yi mata wani a 2018. Ita ce ke yi wa injiniya rajista ta ba shi hatimi, ita ce kuma ke zagaya jami'o'i tana duba kwasa-kwasan injiniya, ban da dubawar da hukumar jami'o'i ta NUC ke yi. An yi shekaru ana neman shiga yarjejeniyar, har zamanin da ɗan Kano, Injiniya Ali Rabi'u, ya shugabanci hukumar. A watan Yunin 2023, a taron da aka yi a birnin Taicung na Taiwan, aka karɓi COREN a matsayin memba ta wucin gadi. Jaridu sun yi ta shela, wasu har suna cewa daga yau injiniyan Najeriya zai yi aiki ko'ina a duniya.

Wannan shela ta wuce gona da iri, kuma ta jefa yara da yawa cikin ruɗani. Matsayin wucin gadi bai ba kowane kwali izinin shiga layin farko ba. Abin da yake nufi shi ne an yarda tsarinku yana da alamar zai iya kaiwa, ku shigo zaure ku zauna, ku halarci taro, a naɗa muku masu yi muku jagora. Kafin a ba ƙasa cikakkiyar kujera sai an turo tawaga daga wasu ƙasashe membobi ta zo ta tsaya a bayan masu tantancewar COREN, ta kalli yadda suke aikinsu a jami'o'i, ta rubuta rahoto, sannan dukkan cikakkun membobi su amince baki ɗaya. Indiya ta zauna a wannan zaure daga 2007 zuwa 2014. Pakistan ta yi shekara bakwai, Maleshiya shida, Sin ta yi uku. Ko bayan an shiga, duk bayan shekara shida ana dawowa a sake dubawa.

Akwai kuma wasu ƙananan rubuce-rubuce a ƙasan takarda da ya kamata iyaye su sani. Amincewar ba ta jami'a ba ce gaba ɗaya, ta kwas ce, ɗaya bayan ɗaya. Sashen lantarki zai iya samu, na gine-gine a jami'ar guda ya rasa. Galibi kuma ba ta komawa baya ta ɗauko waɗanda suka gama shekaru kafin ƙasarsu ta zama cikakkiyar memba, don haka ɗan wana da sa'o'insa, ko an yi nasara gobe, mai yiwuwa suna nan a layinsu na biyu. Sannan yarjejeniyar karatu kawai ta shafa. Ba biza ba ce, ba kuma lasisin aiki ba. A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisi bayan jarrabawa da shekarun aiki, a Kanada kowane lardi da hukumarsa, a Saudiyya kuwa baƙon injiniya sai ya yi rajista da majalisar injiniyoyin ƙasar. Abin da yarjejeniyar ke ɗauke wa mutum shi ne wahalar tabbatar da cewa digirinsa digiri ne.

Da can a Samaru

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, injiniyoyin farko da aka horar a ƙasar Hausa ba su san wannan matsala ba. Kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, akwai Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya a Samaru, Zariya, kuma ɗaliban injiniya da suka yi karatu a can a ƙarshen shekarun 1950 digirin Jami'ar Landan suke nema. Kwalin da aka samu a Samaru yana shiga Ingila ba tare da an ɗaga gira ba, domin na Ingilar ne. Ita kanta ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya, NSE, a Landan aka kafa ta a 1958. Da aka sami mulkin kai, jami'o'inmu suka fara ba da nasu digirin da sunansu, kuma daidai ne a yi hakan. Amma suna ba ya zuwa da gado, sai an gina shi. An gina, har ya yi ƙarfi a shekarun 1970, lokacin da malamai daga Indiya da Polan da Birtaniya da Masar suke cike da sassan injiniya na ƙasar nan. Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, naira ta faɗi, baƙin malamai suka tattara, na gida masu dama suka bi bayansu, injinan ɗakin gwaji suka tsufa ba a maye gurbinsu ba.

A wancan zamani na ƙarfi ne aka yi Tiga. Gwamnatin Audu Baƙo ta fara aikin a 1971, aka kammala a 1974: bangon ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6 da tsayin mita 48, an datse Kogin Kano, an tara ruwa da ya doshi kubik mita biliyan 2. Ma'aikatan ruwa na gwamnatin jiha, waɗanda daga baya aka san su da WRECA, su ne ƙashin bayan ayyukan madatsun Kano, kuma wannan hukuma ta zama makaranta ga injiniyoyi da yawa. Rabi'u Musa Kwankwaso ma a can ya yi shekarun aikinsa kafin ya shiga siyasa. Ruwan Tiga ne ke bin kanal yana shayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan da shinkafar da ake casa a Kura, in ka bi asalinsu, za ka tarar da wani mutum da ya zauna da fensir ya lissafa gangaren kanal shekara hamsin da suka wuce.

Tsofaffin wannan yanki kuma suna tuna ɗaya fuskar. A watan Agustan 1988, bayan mamakon ruwan sama, madatsar Bagauda da ke ƙasar Bebeji ta ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A 1992 aka rage tsayin mafitar rarar ruwa ta Tiga domin a sauƙaƙa wa bangon nauyi, aka haƙura da wani kaso na ruwan da take riƙewa. Wannan shawara ce ta injiniya, kuma dubban mutanen da ke kwana a ƙasan madatsar ba su san wanda ya yanke ta ba, ba su kuma da hanyar sanin ko ya iya lissafinsa.

A nan ne nake ganin mun karanta maganar Washinton a baibai. Mun ɗauke ta a matsayin ƙofar fita, alhali babban amfaninta na mai zama ne. Bangon ƙasa irin na Tiga kullum ruwa na tsatstsafowa ta cikinsa, haka aka tsara shi. Aikin injiniyan da ke kula da shi ne ya sauka gindin bangon ya duba ruwan da ke fitowa. In garau yake kuma yawansa bai canja ba, lafiya lau. In ya fara fitowa da laka, to ruwan ya fara ɗibar jikin bangon yana yi masa rami daga ciki, kuma ba a kwana a kan irin wannan. Ɗalibin da ya haddace wannan a takarda ya rubuta a jarrabawa ya ci, da wanda aka kai shi ya tsuguna ya ɗebi ruwan a kwalba ya ɗaga ta a rana, duka biyu kwali iri ɗaya suke karɓa. Manomin Kadawa ba zai iya bambance su ba. Tantancewa ita ce idonsa.

Abin da ake aunawa

Tsohon salon tantancewa ƙidaya ce. Tawaga ta zo ta ƙirga farfesoshi nawa, masu digirin digirgir nawa, littattafai nawa a laburare, injina nawa a ɗakin gwaji. Duk wanda ya zauna a jami'a ya ji labarin yadda ake tarbar irin wannan ziyara a wasu wurare: a yi fenti, a aro malamai na mako guda, a ɗauko na'ura daga maƙwabta a goge ta a ajiye, baƙi su tafi kowa ya mayar da kayan aro. Kwalliyar ranar Sallah ke nan.

Salon da yarjejeniyar ta tsaya a kai ya juya tambayar. Ba a cewa me kuke da shi, sai a ce me yaronku ya iya ranar da ya fita, kuma ina shaida. An zayyana siffofin da ake so a gani a jikin wanda ya kammala, guda goma sha ɗaya a bugun 2021. Wasu a fili suke: ya san lissafi da kimiyyar sana'arsa, ya iya warware matsala mai sarƙaƙiya wadda amsarta ba ta bayan littafi, ya iya tsara abu daga farko, ya iya gwaji ya fassara sakamakon. Wasu kuma su ne muka daɗe muna yi wa riƙon sakainar kashi, irin su iya rubuta rahoton da wani zai karanta ya gane, da aiki cikin jama'a, da sanin kuɗin aiki, da lura da abin da gini zai yi wa muhalli da mutanen wurin, da riƙon amana. Mai tantancewa zai ce a kawo masa takardun jarrabawa da amsoshin ɗalibai, na mai ƙoƙari da na matsakaici da na wanda ya faɗi. Zai buɗe aikin shekarar ƙarshe ya ga ko an ƙera wani abu ko an kwafo ne. Zai keɓe da ɗalibai ba malami a wurin. Zai nemi jin ta bakin kamfanonin da suka ɗauki waɗanda suka gama. Ana iya aron injin, amma da wuya a ari takardun shekara huɗu.

Ga misali ɗaya da kowane birkila zai gane. Ana gwada ƙarfin kankare ne ta hanyar zuba shi a wani ɗan akwatin ƙarfe mai faɗin milimita 150 ta kowane ɓangare, a daddage shi, washegari a kwance a tsoma dunƙulen a ruwa. Bayan kwana 7 a matse wasu a injin har su fashe, bayan kwana 28 a matse sauran, a rubuta nauyin da kowanne ya ɗauka. Wanda ya taɓa yin wannan da hannunsa, ya ga yadda ɗan ƙarin ruwa a kwaɓi yake rage wa dunƙulen ƙarfi, ba zai tsaya yana kallo lebura na ƙara bokiti don kwaɓin ya yi saurin zuba ba. Wanda kuwa ya leƙa ta kan kafaɗar mutum tamanin, injin ɗaya, ranar ma babu wuta, to sai dai a yi masa fatan alheri. Benen da ya rufta a titin Beirut cikin birnin Kano a watan Agustan 2022, da dogon benen Ikoyi a Legas a 2021, sun tuna wa kowa cewa wannan ba maganar aji ba ce kawai.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce wannan salo yana da tsada. Yana son aji mara cunkoso, da wuta a ɗakin gwaji, da ma'aikatan fasaha da ake biya su zauna, da kalandar karatu da ba ta tsinkewa. Jami'o'in gwamnati sun rufe kusan wata tara a 2020, suka sake rufewa wata takwas cur a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Horon masana'antu na SIWES, wanda aka ƙirƙiro tun 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki kafin ya gama, ya dogara ne da samuwar masana'antar da za ta karɓe shi, kuma wanda ya zagaya Sharaɗa da Bomfai da Challawa ya san ƙofofi nawa ne a garƙame. Yaro da yawa yana zuwa ne a buga masa hatimi a littafin horo ya koma gida. COREN za ta iya rubuta ƙa'ida, ta horar da masu tantancewa, ta hana kwas izini. Ba ita ke sayen dizal ba.

Tun ma kafin jami'a, rabon ya fara tsagewa. Gwamnatin Kano ta yi hangen nesa a 1977 da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma likitoci da injiniyoyin jihar da yawa daga can suka fito. Amma yaron da ya yi sakandare a ƙauyen da ke bayan Riruwai, wanda malamin lissafinsa ɗan bautar ƙasa ne mai tafiya bayan shekara, yana shiga jami'ar Bayero ko ta Wudil ko ta Samaru da gurbin da sai ya yi da gaske zai cike.

Masu tafiya da masu dawowa

Kano ta fi yawancin jihohi tura ɗalibai waje. Zamanin mulkin Kwankwaso na biyu an tura ɗaruruwa yin digiri na biyu a ƙasashe irin su Indiya da Turkiyya da Maleshiya, gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta farfaɗo da shirin a 2023. Da yawansu injiniyoyi ne, sun dawo suna koyarwa, kuma sun ga yadda ake wannan salon tantancewa da idonsu, abin da zai yi amfani ƙwarai. Sai dai akwai abin lura. Yarjejeniyar tana duba digirin da aka shiga sana'a da shi ne. Wanda ya yi na farko a gida ya ɗora na biyu a Indiya, na biyun zai ƙara masa daraja wajen mai ɗaukar aiki, amma ba ya mayar da na farkon ɗan layin farko. Uban da zai sayar da gona ya tura ɗa yin digirin farko a waje kuma, ya kamata kafin ya biya ko sisi ya sa a bincika masa ko wannan kwas ɗin, ba jami'ar ba, yana cikin jerin da hukumar ƙasar ta tantance. A Indiya, alal misali, ba duk kwas da aka tantance ne ya shiga yarjejeniyar ba, sai na rukunin farko. Dillalan makarantu ba sa faɗin wannan.

Mu ma muna da namu layin ga masu shigowa, kuma mun ga ranarsa. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya sami kwalin digiri daga Kwatano cikin makonni shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da karɓar digirin Jamhuriyar Binin da Togo a farkon 2024. Wanda ya ji haushin wannan labari bai kamata ya yi mamakin Ostareliya ba. Bambancin kawai shi ne dakatarwar ta haɗa da masu gaskiya da suka yi karatunsu tsakani da Allah, kuma haka rashin amintaccen awo yake yi, laifin wani ya shafi wani.

Wata iyakar ma ta fi ta teku kusa. Layin dogon da aka ƙaddamar a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi zai haɗa garuruwan da harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Injiniyan da ya gama a Wudil da wanda ya gama makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG a Yamai za su iya tsayawa a bakin gada ɗaya su yi gardamar rodi da Hausa tsantsa. Takardunsu ne ba sa jin yaren juna. Na Nijar yana ƙarƙashin tsarin CAMES, majalisar da ƙasashe masu amfani da Faransanci suka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, kuma kwalinsa yana tafiya Dakar da Abijan da Yawunde cikin sauƙi. A wannan fanni sun riga mu nisa. Namu yana kallon Landan da Washinton, ya ba Maraɗi baya.

Akwai masu cewa duk wannan fafutuka gyara wa wasu miya ce: mu horar da yaro da kuɗin talaka, mu buga masa hatimin da zai sa Kanada ta ɗauke shi a sauƙaƙe, kamar yadda ake kwashe likitoci. Ba zan ce tsoron banza ba ne. Wasu za su tafi. Amma masu tafiya suna tafiya tun yanzu, sai dai su isa can su yi gadi ko tuƙin tasi shekara da shekaru kafin a yarda da karatunsu. Kuma akwai ɗaya ɓangaren. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a umarni na 5, wanda ya ce a fifita ƙwararrun gida a kwangilolin kimiyya da injiniya. Umarni yana da kyau a takarda, amma manyan ayyukan nan da bashin waje ake yin su, kuma mai ba da bashi yana son ya san wanda zai sa hannu a zanen gada. Muddin ba shi da awon da zai auna kwalin Samaru da shi, zai zo da nasa mutumin, namu ya riƙe masa tef.

Ban manta da masu babbar difloma ba, waɗanda su ne suka fi yawa a bakin aiki, kuma har yanzu suna fama da bambancin da ake nuna musu a cikin gida kafin a kai ga na waje. Ban kuma manta da masu walda da masu naɗin kwayil na bakin Kwanar Dangora ba, waɗanda ke tayar da injin ban ruwa da kamfanin da ya ƙera shi ma ya yafe, ba su da ko takardar firamare. Dokar COREN ta tanadi rajista har ga masu sana'ar hannu, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ji a cikinsu.

Shi dai ɗan wana ya daina jiran Taicung. Ya sayi babban littafi mai bango mai kauri, kullum da yamma yana rubuta abin da ya yi a wurin aiki, da ranar, da lissafin da ya kai shi ga shawarar, domin zai buƙace shi sau biyu: wajen neman hatimin COREN in shekarunsa huɗu na aiki sun cika, da wajen rahoton can na layi na biyu. Cikin ayyuka ukun da ake nema ya riga ya zaɓi ɗaya. Wani kwalbati ne a hanyar gona, wanda ruwa ya cinye sau biyu, shi kuma ya je ya tambayi tsofaffin wurin inda ambaliya take kaiwa a shekarar da ta fi kowace, suka nuna masa tabo a jikin wata kuka, ya auna daga nan ya faɗaɗa bakin kwalbatin. Damina biyu ke nan yana tsaye. Da na je gaishe da yayana bayan girbi, na tarar da yaron a zaure da kwamfuta a cinya, yana neman yadda zai bayyana wa wani mutum a Kanbera ta Ostareliya abin da ake nufi da kuka.